Ƙofar Da Aka Dusashe

Da almuru aka kawo motar, daidai lokacin da Mai Sheƙi ke wanke hannu zai tafi gida. Shi ne mai goge fentin motoci a garejin, kuma ba a banza ya ci sunan ba. Mota kan zo masa jiki duk zane, ta fita mutane na gyara hula a jikinta. Aibinsa ɗaya, bai iya ganin tabo ya kau da kai ba. Ko a motar da ba a ba shi ba sai hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi.

Motar da aka kawo baƙa ce, doguwa. Direban da ya kawo ta ya miƙo makulli yana kallon wani gefe.

"Maigida ya ce a goge ta duka, ban da ƙofar baya ta hagu."

"Ai ita ta fi buƙata," in ji Mai Sheƙi.

"Ka bar ta yadda take, Malam. Saƙon ke nan."

Ya juya ya fice da sauri, ko sallama babu.

Baba mai fenti, tsohon da ke aiki a rumfar gefe, ya matso ya duƙa gaban ƙofar. Ta yi furu-furu, zane ya zagaye ta kamar saƙar gizo-gizo. Ya miƙe yana rage murya.

"Ɗana, wannan ba gogar hanya ba ce. Samfefa aka sa aka karce ta da gangan. Wanda ya makantar da ƙofar nan ya san abin da yake gudu."

"Haba Baba, ƙofa ma har ido gare ta?"

"Na dai faɗa maka. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Tsoho ya kulle rumfarsa ya tafi. Gareji ya rage daga Mai Sheƙi sai motar.

Ya shafa man goge, ya kunna inji. Ya bi bonet, ya bi rufi, ya bi but, soson injin na ta juyi. Mota ta ɗauki haske. Ya ja da baya ya duba aikinsa, sai ransa ya ɓaci. Ƙofar nan ta tsaya a tsakiyar sheƙin kamar ruɓaɓɓen haƙori. Gobe a ce daga hannunsa ta fito haka? Girman kai dai ba ya jin kira. Ya ce a ransa gefe ɗaya kawai zai taɓa.

Gefe ɗaya ya zama rabi. Rabi ya zama duka.

Ya kashe inji, ya share da tsumma, ya haska tocila a karkace yadda masu sana'ar ke yi don kamo ɓoyayyen zane. Saƙar gizo-gizon ta tafi. Amma ga wasu dogayen layuka, jere, daga sama zuwa ƙasa. Ya sa farce ya gwada zurfinsu, don in farce ya maƙale, goge ba ya fid da zane.

Farcen ya zarce sumul. Babu komai a saman fentin.

Daga ciki aka yi yaƙushin.

Ƙamshin man goge ya ɗauke. Wani wari ya taso, na ruwan da ya daɗe a kwance. Ƙarar motocin titi ta yi nisa, ta mutu. Sai wani sauti siriri, ƙirrr, ƙirrr, kamar ana jan ƙusa a kan kwano.

Ya ga fuskarsa a ƙofar, tar. Ya ga fitilar rumfa a bayansa. A tsakaninsu akwai wani a tsugune, dogon wuya, kai a sunkuye.

Ya waiwaya. Ba kowa.

Ya dawo da ido. Abin ya ɗago kai.

"Ai ka buɗe," aka raɗa. "Sannu da aiki."

Hannunsa na dama na kan ƙofar har yanzu. Ya ja, ya ƙi tasowa. Ƙarfen ya yi laushi ƙarƙashin tafinsa, ya yi sanyi. Yatsunsa suka nutse. Wasu yatsu suka zagaye wuyan hannun, dogaye, jiƙaƙƙu.

Aka ja.

Hannu ya shige har gwiwa. Kumatunsa ya bugi ƙofa. Ya buɗe baki zai yi addu'a, harshe ya ƙi.

Hannun hagu ya shiga lalube a ƙasa. Tsumma. Waya. Gwangwanin man goge.

Ya dumbuzo man ya yaɓa a kan fuskar da ke cikin fentin. Ya ƙara. Ya damalmale ƙofar har hasken ya dushe.

Riƙon ya sassauta.

Ya fizge, ya faɗi wanwar. Bai tsaya numfashi ba. Ya rarumo samfefa mafi kaushi ya hau kartar ƙofar da hannun hagu, yana kuka, yana ɓata aiki mafi kyau da ya taɓa yi. A ciki ana ta yaƙushi, har sautin ya yi ƙasa, ya ɗauke.

Washegari direba ya zo, ya dubi ƙofar, ya dubi hannun da aka naɗe da tsumma. Ya ja motar ya tafi.

Hannun bai sake riƙe inji ba. Kullum a sanyaye yake, ko da rana ta take. Mai Sheƙi ya koma rumfar Baba yana kankare tsohon fenti da hagu. A gida ya sa aka juya madubai suka fuskanci bango, matarsa na ta yi masa tsiya wai tsufa ya hana shi son ganin kansa. Ya bar ta a kan haka.

Ranar nan tana zuba masa ruwan wanke hannu a kwano, ruwan ya lafa. Ta leƙa, butar ta suɓuce mata.

"Maigida," ta ce, "wa ke riƙe da hannunka?"