Ɗakin Gilashi a Ƙasan Rijiyar Challawa

Dagi ne kawai ya mayar da Ashafa cikin rijiyar nan.

An tashi aiki, rana ta yi ja ta bayan kogin Challawa, har ya wanke ƙafa, sai ya tuna ya baro daginsa a ƙasa. Cikin shekarar 1978 ne, lokacin da kamfanonin jima ke ta tashi a gonakin mutane. Wani sabon kamfanin fata ne ya ɗauke su, shi da Malam Garba, su haƙa rijiya a bayan ɗakin janareta. Ashafa ke shiga, Malam Garba ke riƙe igiya. Shekara goma sha tara ke nan suna haka, tun daga ƙauyensu na wajen Ringim.

"Bar shi sai da safe," in ji Malam Garba. "Magariba ta kawo kai."

"Haba Malam, dagin mahaifina fa ne. Ya kwana cikin laima? Yanzun nan zan fito."

To, masu haƙar rijiya ba sa dogara da murya, balle a nan inda janareta ke ruri ba dare ba rana. Da igiya ake magana. Ja biyu, a sassauta. Ja uku, a fito da ni. Kuma mai riƙe igiya ba ya ja sai ya ji ukun nan cif, domin an sha shaƙe mutum a rami saboda jan gaggawa. Malam Garba kuwa, in dai a kan wannan ƙa'ida ce, ko uwarsa ce ta ce ya ja, wallahi ba zai ja ba.

Ashafa ya ɗaura igiya a ƙugu, ya rataya tocila a wuya, ya sauka. Gaba goma sha biyu. Warin fata da na jima ya biyo shi har ƙasa. Ga dagin nan a kafe inda ya bar shi. Ya kama ya fizge.

Ƙasa ta buɗe.

Bai ma sami damar salati ba. Ya ji ya tafi, igiya ta cafke shi a ƙugu, ya tsaya yana lilo cikin duhu. Ya kunna tocila.

Ɗaki ne. Zagayayye kamar cikin tulu, ya fi soron mai unguwa girma, kuma ko'ina duwatsu ne masu sheƙi, garau kamar alif, wasu shunayya, wasu farare fat. Kowanne da tsini, kowanne da kusurwa shida kamar da gangan aka feƙe shi. Wasu sun kai tsayin mutum. Hasken 'yar tocilarsa ya shiga ɗaya ya fita ta dubu. Warin fata ya ɓace. Wani ƙamshi ne a wurin, irin na ƙasa in ruwan farko ya taɓa ta.

Mai hankali da a nan ya ja uku. Amma ina! Ɗan Adam da ganin ƙwaƙwaf. Ashafa ya ce bari dai ya taka ƙafa ya gani da kyau, ko ya sami abin ba wa matarsa Atika labari. Ya ɗaga hannu ya ja biyu.

Igiya ta sassauto. Ƙafarsa ta sauka a kan wani faffaɗan dutse mai santsi, wanda ya gangara zuwa wani maƙogwaro a ƙasan ɗakin. Duk tsinayen maƙogwaron ƙasa suke kallo. Abin da ya shiga ba zai hau ba sai an ja shi.

A nan ya lura da fuskarsa. Tana cikin kowane dutse, ɗaruruwa, duk sun buɗe baki kamar yadda ya buɗe. Ya rufe bakinsa. Duk suka rufe.

Ban da ɗaya.

Ya kama igiya ya ja. Ɗaya. Biyu. A na ukun sai ya ji igiyar ta ƙame, kamar an danne ta daga samansa. Jan bai wuce ba.

Can sama, Malam Garba ya ji biyu. Ya sassauta.

Ashafa ya zame. Tsinaye suka yage masa cinya. Ya tsaya ƙugunsa cikin maƙogwaron.

"Malam Garba! Malam!"

Muryarsa ta zagaya ɗakin ta dawo masa, duwatsun suna amsawa ƙil, ƙil, kamar kofunan shayi a kan faranti. Daga nesa, janareta na ta rurinsa.

Ya ɗaga tocila sama. A daidai ramin da ya faɗo, akwai hannu a kan igiyar. Dogo ne, siriri, ana ganin haske ta cikinsa. Bai ga jikin mai hannun ba, kuma bai yi fatan gani ba.

Hannun ya ja igiyar. Ɗaya. Biyu. Ya saki.

Allah sarki, shi da kansa ya koya masa.

Igiya ta sassauto. Ya ƙara zamewa. Yanzu ƙirjinsa ne a matse. Zafi ya taso daga ƙasa, gumi ya cika masa ido. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda ke sa babban mutum ya kira sunan uwarsa. Ya kira kuwa.

Sai aka yi magana dab da kunnensa, a hankali, da irin muryar mai masaukin da ya ji daɗin baƙo.

"Ka fasa mana rufi. To ka zauna mana."

Ya kama Ayatul Kursiyyu. Harshensa ya sarƙe a tsakiya. Ya sake farowa.

Hannun ya ja. Ɗaya. Biyu.

Ya zame har wuya. Wani tsini ya tokare masa haƙarƙari. Ƙafafunsa na reto a wani wuri da ba shi da ƙasa, kuma wani abu mai sanyi yana shafa tafinsu.

Igiyar gaba ashirin ce. Ya san saura kaɗan.

Ya daina ihu. Ya zuba wa hannun ido. Sai ya ga abin da bai lura da shi ba: in hannun ya ja biyu, dole ya buɗe yatsunsa don igiyar ta wuce.

Ashafa ya naɗe igiya a damtsensa na dama. Ya jira.

Ɗaya.

Biyu.

Yatsun suka buɗe.

Ya fizga da duk abin da ya rage a jikinsa.

Uku.

Shiru. Duwatsun suka daina ƙara.

Sai igiya ta miƙe. Tsinaye suka shiga tsaga shi daga kafaɗa har gwiwa, yana jin fatarsa na yagewa, yana godiya ga Allah. Tocila ta fashe. Cikin duhu wani abu ya riƙe idon sawunsa. Ya yi shuri. Aka riƙe. Ya sake shuri yana kabbara da ƙarfi, har ya ji iska ta bugi fuskarsa, warin fata ya cika masa hanci. Bai taɓa jin ƙamshi kamar warin nan ba.

Mutum bakwai ne a kan igiyar. Malam Garba ya ce da ya fara ja shi kaɗai, nauyin ya kusa jefa shi ciki, sai da ya yi kururuwa leburorin da suka fito alwala suka kawo ɗauki.

Sati biyar Ashafa ya yi a kwance, Atika na jinyarsa. Kamfanin ya sa aka zuba wa rijiyar kankare, aka ce wai ƙasar wurin ba ta da ƙwari. Ashafa bai ƙara shiga rami ba. Gadi ya koma yi a wata masaƙa a Sharaɗa, kuma har ya bar duniya ba a ajiye madubi a ɗakinsa ba.

Malam Garba ma ya bar sana'ar. Sai da aka shekara ya gaya wa Ashafa dalili, suna zaune a ƙofar masaƙar bayan la'asar. Ya rage murya.

"Ranar nan, da muka kwance ka, igiyar ta zame ta koma ciki. Ɗaya bakin yana hannuna, ban ankara ba."

Ashafa ya dube shi.

"Aka ja," in ji Malam Garba. "Uku cif. Kuma wallahi Ashafa, sai da na fara ja kafin na tuna kana kwance a gabana."