Ƙyauren Wuyan Dutse

Rana ta yi sanyi lokacin da ya tsaya shan mai a shagona, wanda shi ne na ƙarshe kafin a fara hawan tsauni. Sunansa Tristan, ɗan birnin Melbourne. Babur ɗinsa ya sha kaya kamar jakin fatake, tanti da bargo da tukunya. Ya ce shi kaɗai yake zaga gandun dajin tsaunuka, namu ne ya rage masa.

Ba na ƙaunar irinsu, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Don su samu wurin ɗaukar hoto aka kori shanun iyayenmu daga kan tudu.

"Ɗan birni, ka san hanyar sama kuwa?" na tambaye shi.

"Baba, ki huta da bakinki," ya ce yana kaɗa mini waya. "Wannan ta fi ki sanin dutsen nan."

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Sauran labarin daga bakinsa na ji, ina naɗe masa hannu.

A wuyan dutse akwai wani tsohon ƙyauren ƙarfe a jikin shinge. Kullum a buɗe yake. Dokarmu kowa ya san ta: yadda ka sami ƙyaure, haka za ka bar shi. Wannan kuwa ko mahaukaci ba ya taɓa shi. Shekarar babbar gobara, wani makiyayi, Clarrie Mottram, ya koro shanunsa daga sama wuta na bin su, ya tarar wani ya ɗaure ƙyauren da sarƙa. A nan suka ƙone, shi da dokinsa da garken duka.

Tristan ya wuce, ya waiwaya, ya ga ƙyaure a wangale. Wai sakacin mutanen ƙauye ne. Ya sauka ya ja shi, ya naɗa sarƙar da kyau, yana jin ya yi abin kirki. Ya ƙara gaba kaɗan ya kafa tanti cikin itatuwan turare.

Ya ɗora ruwan shayi. Duhu bai gama sauka ba.

Tsuntsaye suka yi tsit.

Sai wari. Da farko hayaƙi ne kawai, daga baya ya zama ƙaurin gashi, irin na ƙafar saniya a kan wuta. Ya duba ko'ina, babu wuta sai ta ɗan murhunsa.

Ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin gwiwarsa. Ruwan tukunya yana karkarwa. Daga sama ya ji kukan shanu, ba irin na yunwa ba.

Doki ya yi atishawa a bayansa.

Mutumin da ke kan dokin dogo ne, malafarsa tana fitar da hayaƙi a hankali. Tristan bai yarda ya kalli abin da ke ƙarƙashin malafar ba.

"Yaro," muryar ta fito ƙasa-ƙasa, a bushe. "Kai ne?"

"Yallaɓai, ni baƙo ne, na ɗauka…"

"Na daɗe ina neman mai hannun nan."

Bai tsaya ɗaukar ko takalmi ba. Ya haye babur, ya nufi gangare. Fitilarsa ta haska ƙyauren a rufe, yadda ya bar shi. Shinge dama, shinge hagu. A baya ƙahonni suna karo da itatuwa.

Sarƙar ta yi jawur.

Zafinta ya daki fuskarsa tun kafin ya taɓa.

Numfashin doki ya sauka a wuyansa.

"Buɗe."

Ya sa hannun hagu. Ya ji ƙarar fatarsa kafin ya ji zafin. Naɗi bayan naɗi ya warware, duk wanda shi da kansa ya yi.

Ƙyauren ya buɗe. Shanun suka bi ta gefensa, baƙaƙe, suna zubar da toka, ko ɗaya ba ta dube shi ba. Mai dokin ne ƙarshe. Ya sunkuyo dab da kunnensa.

"Na karɓi hannun. Sauka mini daga dutse."

Da hannu ɗaya ya gangaro, bai iya canza giyar babur ba tun daga sama har ƙofata. Na ga tafin, zanen sarƙa ya nutse a ciki. Na ji tausayinsa, ba zan yi ƙarya ba, amma haushinsa ya fi yawa.

Hannun ya warke a dunƙule. Likitoci sun yi iya yinsu, yatsun sun ƙi miƙewa, kuma ba a matsa kulocin babur da dunƙulen hannu. Da sanyi ya wuce, wansa ya kawo shi da mota su ɗauki babur ɗin su sayar. Tristan na zaune a mota, ƙofa a buɗe, bai fito ya ko dubi babur ɗin ba. Da za su tafi, wan ya zagayo zai rufe masa ƙofar, Tristan ya tokare ta da ƙafa.

"Bar ta," ya ce a hankali. "Don Allah, bar ta haka."

Haka suka bi titi, yana riƙe da ƙofar a buɗe da hannunsa mai lafiya.