Jira a Tudun Yashi

Sai da ruwa ya taɓa idon sawun Riziki sannan ta yarda Shaame ba zai dawo ba.

"Shaame...! Shaameee!"

Iska ta kwashe muryar ta watsar. Duk inda ta juya teku ne. Tudun farin yashin da suka zauna a kai da hantsi, suka ci gasasshen kifi suka sha ruwan kwakwa, yanzu bai fi faɗin tabarma ba.

Ita 'yar Tabora ce, ruwan da ta sani na rijiya ne. Hutu ta zo tsibirin Pemba tare da Zuhura, 'yar ƙanin babanta, don ta gaida dangin Shaame, wanda za ta aura. Shaame matuƙin jirgin ruwa ne mai kai baƙi yawo, ga baki kamar zuma. Shi da kansa ya karanta mata dokar teku ranar da ta iso.

"Hasken idona, kada ki taka dutsen ruwa babu takalmi, akwai ƙaya mai dafi. Kada ki rabu da rigar ceto. Kuma duk wanda ya ce ki jira shi a tudun yashi, ki ƙi. Ruwan da ya janye da safe yana dawowa ya karɓi abinsa."

To, mai dokar ne yau ya ce ta jira.

Zuhura ce ta fara, tana karairaya. "Yaya Shaame, kai ni in ga kunkuru mana... Riziki matsoraciya ce, amai za ta yi mana. Ke, ara min rigarki, ai kina kan tudu."

"Yanzun nan za mu dawo, masoyiyata," in ji shi.

So makaho ne. Ta cire rigar ta miƙa. Tana kallo jirgin ya sha kwana bayan itatuwan bakin ruwa, kan Zuhura a kafaɗarsa.

Ruwa ya kai gwiwa.

Ya kai ƙugu.

Zuciyarta ta ce ta taka zuwa gaɓa, ga ta can ana hangowa. Ta ƙi. Ta kafe ƙafafunta a yashi, ta warware mayafinta tana kaɗawa sama, tana salati, hawaye da ruwan gishiri sun haɗe mata a baki.

"Ke 'yar tudu! Tsaya cak! Rami ne a gabanki!"

Wani kwalekwale ne ya nufo ta, cike da ciyawar teku. Mai tuƙin kuwa Bi Mtumwa ce, mahaifiyar Shaame, wadda tun zuwan Riziki ba ta amsa gaisuwarta da kyau ba, wai 'yar tudu ba ta zama da ɗan teku.

Tsohuwar ta damƙo ta ta jefa kan ciyawar kamar buhu.

"Wa ya kawo ki nan?"

Riziki ta kau da kai.

"Tambayarki nake yi!"

"Ya ce... yanzu zai dawo, Mama."

Bi Mtumwa ta juya kwalekwalen ta nufi gaɓa. Yadda take dukan ruwa da sandar tuƙi, ka ce da wani take faɗa.

Bayan la'asar jirgin Shaame ya iso gaɓa a guje. Ya diro, ya ga Riziki zaune a inuwa lulluɓe da zanen uwarsa, masunta sun kewaye ta. Ya zube a gabanta.

"Alhamdulillahi! Masoyiyata, na koma ban ga tudun ba, na kusa haukacewa! Wallahi mantawa na yi da lokaci..."

"Mantawa?" Bi Mtumwa ta miƙe. "Kai da na yi goyonka a kwalekwale? Ko kaza ta san magariba, balle ɗan teku da cikowar ruwa! Ubanka ko kwandon baƙo bai taɓa bari a tudun nan ba."

Wani tsohon masunci ya tofar da yawu ya juya baya.

Zuhura ta sauko, gashinta a jiƙe, rigar ceton tana jikinta har yanzu. "Haba Riziki, ai ba ki mutu ba. Sai ka ce wani abu!"

Tsohuwar ko kallonta ba ta yi ba. Ta dafa kan Riziki.

"'Yata, na ce ba ki dace da ɗana ba. Ashe shi ne bai kai ba. Koma gidanku da mutuncinki."

"Mama!" Shaame ya kama gefen zanen. "Riziki, ki dube ni... ke kaɗai nake so!"

Ta dube shi. Kyakkyawan nan dai, idon nan dai, har zuciyarta ta so ta karye. Ta zare zobensa ta ajiye a kan yashi, daidai inda ruwa ke lasa.

Zuhura ta fara kwance igiyar rigar, tana tura baki. "Ungo abinki."

"Riƙe ta, 'yar'uwa," in ji Riziki a hankali. "Za ta yi miki amfani ranar da ya ce ki jira shi."