Irin Nonon Inna Hawa

"Kai za ka faɗa mata, Khalil, ai mahaifiyarka ce."

"Haba Mu'minatu, hasken idona… ke ta fi jin maganarki."

Na harare shi. Mutumin da ya kwanta likitocin Beljiyam suka yanki hantarsa suka dasa wa 'yarmu Farida, ko gezau bai yi ba, shi ne yau yake ɓuya a bayana. Wallahi sai na ji na ƙara son sa.

Shekaran jiya ƙungiyar agajin da ta kai mu can ta dawo da mu unguwarmu, Didaouré. Surukata Inna Hawa kuwa tun daga garin Dapaong ta taso cikin yajin aikin gama-gari, ta hau mota ta taka ƙasa, ƙwaryar nono a kanta. A danginsu duk wanda ya tashi daga ciwo, kindirmon gida yake fara sha. Irin da take zuba wa madara ta yi tsami tun na mahaifiyarta ne, ba ta taɓa bari ya yanke ba. A shingen hanya aka ɓarar mata da shi wajen bincike, abin da ya rage bai fi ludayi ba, kuma ba ta baro ko ɗigo a gida ba.

Na durƙusa gabanta.

"Inna… likita ya ce ƙwayoyin da ke sa nono tsami rayayyu ne. Mu ba sa cutar da mu, amma maganin da Farida take sha ya raunana garkuwar jikinta. Sai abin da aka tafasa."

"In na tafasa, irin ya mutu ke nan."

"Ki ajiye abinki, Inna. In madara ta samu sai ki haɗa wani da shi."

Ta dubi Farida da ke wasa da bakin zanenta, idanun nan da suka yi shekara suna rawaya yanzu fari tas. Ta dubi ɗanta da ke dafe da ɗinkin cikinsa.

"Miƙo mini tukunya, 'yata."

"Inna, na mahaifiyarki ne fa…"

Ta juye shi duka, har da kankare gindin ƙwaryar, ta hura wutar da kanta. Hawayena suka zubo.

"Share fuskarki," in ji ta. "Yarona ya ba ta hantarsa. Ni nono zan yi wa rowa?"