Zarton Mai Yatsu Uku

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Malam Zabeirou kafinta ya sayo tsohon zarto a gwanjon kayan wani mamaci a garin Sedgefield. Matarsa Saadatou ta ce, "Malam, fitar da sadaka kafin ka taɓa shi." Ya yi kunnen ƙashi. A mariƙin akwai gurbin yatsu uku kacal, ya goge shi tas da samfefa.

Da magariba wani dattijon Bature ya shigo garejinsa. Ya taka dusar katako, sawu bai fito ba.

"Ina gurbin hannuna?" in ji shi, da Hausar Damagaram tsantsa.

Ya miƙo hannu, Zabeirou ya kama don kunya. Yatsu uku ne a hannun dattijon. Nan take yatsun Zabeirou biyu suka yi sanyi ƙalau kamar na gawa.