Kirsimetin da Ya Cinye Irin Citta

"Bridget! Ƙara murya, ga shi sun sake sawa!"

Mama Edna ce ta faɗi haka tana gyara zama a falonta da ke Kafanchan. Tallan shinkafa ne, kuma tun da Disamba ya kama tashar ba ta da aiki sai shi. Farar mota ta tsaya a ƙofar wani gida, wani saurayi sumul-sumul ya fito da matarsa, dukansu cikin jajayen kaya iri ɗaya. Ya durƙusa gaban surukarsa, ya miƙa mata ƙaton kwando da aka naɗe da leda mai ƙyalli. A bayansu bishiyar roba tana ta walƙiya da ƙananan fitilu. Sai wata murya mai zaƙi ta ce Kirsimeti na masu nuna ƙauna ne.

Mama Edna malamar firamare ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, kuma ba a zaman zumuntar mata a cocinsu sai da ita. Mace ce mai kirki da kyauta, amma tana da ciwo guda da ya ƙi jin magani: me mutane za su ce? Ko miya za ta yi, sai ta tuna hancin maƙwabta.

Ta juyo ga babbar 'yarta Hulda, wadda ta zo daga ƙauye da safiyar nan ta kawo mata doya.

"Kin gani ko?"

"Momi, talla ne fa. Biyansu aka yi su yi murmushin nan."

"Talla ko ba talla ba, haka duniya yake yi yanzu! Bara surukin Mama Faustina ya kawo mata hampa, irin kwandon nan na talla, har yau ana maganan a zumunta. Ni kuma fa? Sun fara tambayana wai surukinki manomi zai kawo miki me, ruɓaɓɓen citta? A gabana, Hulda! Suna dariya!"

Bridget, ƙanwar Hulda mai karatu a jami'a, ta ɗago daga wayarta.

"Abeg Sista, kar ku yi mana disgires. Wannan ne Kirsimetinku na farko a matsayin kofil, mata da miji. Jan anko, tiri irin bishiyan nan na talla, hampa, mu yi famili foto in yi fostin. Shi ke nan fa!"

Hulda ta sunkuyar da kai. Ta san abin da ta baro a gida.

Mijinta Azariya manomin citta ne a wani ƙauye kusa da Kachia. Ya yi karatu har difloma, amma ya zaɓi gonar mahaifinsa, kuma da wannan gonar ya aure ta a farkon damina. Sai ga shi a shekarar wata cuta ta faɗa wa citta a yankin gaba ɗaya. Ganye ya yi rawaya, ƙasa ta riƙa wari, in ka tona sai ka tarar da saiwar ta narke kamar dafaffen dankali. Manya-manyan maza sun zauna a bakin gona sun yi kuka. Azariya ya tsira da ɗan abin da ke gefen tudu kawai. Bai sayar da ko ƙwaya ba. Ya tara shi a ƙarƙashin mangwaron bayan gida, ya lulluɓe da busasshiyar ciyawa, don shi ne irin da za a shuka baɗi. Ya kuma yi wa ɗan baffansa Kumai da wasu maƙwabta alkawarin zai raba musu idan ruwa ya sauka, tunda su ba su tsira da komai ba.

Da Hulda ta koma ta gaya masa saƙon uwarta, Azariya ya kama hannunta ya zaunar da ita kusa da shi.

"Huldana, zan kai wa Mama babban zakara, da doya, da acca. Abin da hannuna ya noma ke nan. Baɗi in Ubangiji ya yarda, ko tiri biyu take so zan saya."

"Zakara, Diya?" Sunan ƙauna ne da take kiransa da shi. "A buhu? Mu sauka daga bos da zakara yana kuka, duk layi suna kallo?"

"To su kalla mana. Ba sata na yi ba."

Ta fashe da kuka. Ya share mata hawaye, ya yi ta ba ta labarin ban dariya har ta yi murmushi, ya ɗauka maganar ta wuce. Ba ta wuce ba. Kullum wayar Mama Edna sai ta shigo, kullum Bridget sai ta turo tallan nan a waya. Hulda ta kalle shi har ta haddace inda surukar ke dafe ƙirji don murna. A hankali ta fara ganin falonta ya yi duhu, labulenta ya tsufa, mijinta ma da take alfahari da shi ta fara jin nauyin a gan su tare a gari. Wannan ne ya fi ba ta tsoro, amma ba ta faɗa wa kowa ba.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, Azariya ya tafi Samaru Kataf taya kawunsa girbi. A ranar kasuwa wani dillali ya shigo ƙauyen da a-kori-kura yana neman irin citta ido rufe, don ya zama kamar zinariya. Hulda ta kai shi bayan gida da niyyar ta sayar da kaɗan. Dillali kuwa dillali ne, bakinsa ya fi zuma. Kafin ta farga an kwashe tas, an share wurin. Ta tsaya tana kallon ƙasar da ta rage. Sai ta jawo karan dawa ta jera, ta mayar da ciyawar a kai, ta gyara tudun ya koma yadda yake.

Ranar jajibere Azariya ya dawo a gajiye, ya hango tudun ciyawarsa daga nesa, hankalinsa ya kwanta. Da ya ga jajayen kaya da kwalin bishiyar roba da kwando a ɗaki, ya yi turus.

"Wannan fa daga ina?"

"Bridget ce ta haɗa da ƙawayenta," in ji Hulda, tana kallon bango.

Ya yarda, don bai taɓa kama ta da ƙarya ba.

Ranar Kirsimeti, bayan an taso daga sujada, gidan Mama Edna ya cika. Azariya da Hulda sun yi shatar tasi daga tasha don kada a ga sun sauka daga keke. Ga bishiya tana ƙyalli a falo, ga kowa cikin ja. Azariya, wanda rigar ta matse shi a kafaɗa, ya durƙusa ya miƙa kwandon kamar yadda Bridget ta koya masa. Mama Edna ta dafe ƙirji, ta rangaɗa guɗa.

"Ku zo ku gani! Ina Mama Faustina? A kira ta! Surukina ne wannan!"

Ana jera su don hoto wayar Azariya ta yi ƙara. Kumai ne. Ya fita tsakar gida ya ɗauka, Hulda na hango shi ta taga.

"Broda, awaki sun hau ciyawan ka sun watsa," in ji Kumai. "Ba komai a ƙasa sai kara. Yara sun ce sun ga moton dillali. In ka san za ka sayar, me ya sa ka ce mu jira? Na ƙi sayan iri a wani wuri saboda kai!"

Azariya ya sauke wayar a hankali. Ya dubi jar rigar jikinsa, ya ɗago ya dubi taga. Idonsu ya haɗu, Hulda ta kasa riƙewa, ta sunkuya. Bai tambaye ta komai ba, kuma ba ya buƙata.

"Broda Aza, zo mana, kai muke jira!" Bridget ta ƙwala.

Ya dawo ya tsaya a gefen matarsa aka ɗauki hoton. Ya ci abinci kaɗan, ya yi wa surukarsa godiya, ya ce akwai abin da ya taso a gida. Hulda ta bi shi har ƙofa.

"Diya, ka saurare ni, don Allah…"

"Irin Babana ne, Hulda," ya ce a hankali. "Tun kafin a haife ni yake gonan nan. Cuta ma ta bar mana shi."

Ya tafi. Bai kore ta ba, bai ce kada ta biyo shi ba. Ita ce ta kasa.

Su kuwa mutanen da aka yi duk wannan dominsu, sun ci shinkafa sun sha lemo. A hanyar gida wata ta ce jan ya yi yawa, wata ta ce ashe kukan talaucin manoman citta ƙarya ne. Kafin sabuwar shekara sun koma kan wata da mijinta ya yi mata sabon rufi. Tashar ma ta sauke tallan shinkafa ta ɗora na littattafan komawa makaranta. Bishiyar ta koma kwali, aka jefa ta saman wadirob.

Hulda ta rame. Ba ta ci, ba ta fita, kuma duk lokacin da ta ce za ta koma sai Mama Edna ta tare ƙofa.

"Ki zauna ƙura ya lafa! In aka ji ke kika sayar, ina zan sa fuskana? Namiji ne, zai iya ɗauka."

Azariya yakan zo lokaci-lokaci, ya kawo ayaba ko rake, ya gaida Mama cikin ladabi, ya tambayi lafiyar Hulda, ya tafi. Ya yi baƙi, wuyansa ya fito. Bai taɓa faɗin abin da ke faruwa a ƙauye ba.

Bridget ce ta jiyo a makaranta daga wata 'yar ƙauyen. Ta shigo ɗaki da jajayen idanu, yau babu waya a hannunta.

"Sista, kin san dako yake yi a kasuwan Kachia? Buhu yake ɗauka a kai! Kumai ba ya gaishe shi. Sun cire shi daga ƙungiyan manoma, wai maci amana ne, ya sayar da irinsu ya je ya yi gayu a gari. Dattawan coci sun kira shi, ya ce duk abin da ya faru a gidansa shi ne ya yi. Bai kira sunanki ba ko sau ɗaya! Sista, ni na jawo, ni da foto na…"

Hulda ta yi kuka irin wanda ba ta taɓa yi ba. Da ta gama ta wanke fuska, ta ɗauki jakarta. Mama Edna ta miƙe.

"Ina za ki? Hulda, ki yi tunani! Me mutane za su ce?"

"Suna kan faɗa, Momi. A kan mijina suke faɗa, kuma ƙarya ne."

Ranar Lahadi ta isa ƙauyen ana tsakiyar sujada. Da Fasto ya ba da lokacin shaida, ta taso daga bencin baya. Azariya ya hango ta, ya girgiza mata kai alamar kada ta yi. Ta kau da ido.

"'Yan'uwa cikin Ubangiji, ba shaidan murna na kawo ba. Irin cittan da ake zagin mijina a kai, ni na sayar. Yana Samaru, bai sani ba. Na sayi kayan Kirsimeti don kada a yi mana dariya a gari, na rufe wurin da kara, na yi masa ƙarya. Kumai, kai da sauran da kuka jira, ni na cuce ku. Ku mayar masa da sunansa, ku yi da ni."

Gunaguni ya tashi a coci. Wata ta ja tsaki a fili. Hulda ta tsaya ita kaɗai a gaba, hawaye na ɗiga a haɓarta, duk abin da ta yi shekaru tana gudu ya same ta a lokaci guda. Sai ta ji hannu mai kanta ya kama nata. Azariya ne, shi ma yana kuka. Ya tsaya tare da ita har Fasto ya gama addu'a.

An yi da ita kuwa, ba a raga mata ba. A bakin rijiya ana yin shiru in ta iso, yara suna kiranta Madam Tiri. Ta haƙura, ta ci gaba da gaida kowa, ta shiga aikin gayya ba a gayyace ta ba. Kumai ya zo ya ba Azariya hannu, amma Kumai ɗin bai shuka citta a shekarar ba, kuma wannan nauyin bai sauka daga zuciyar Hulda ba. Mama Edna ta yi wata guda ba ta je zumunta ba. Daga baya ta hau bos ta zo ƙauyen da kanta, ta zauna a tabarma gaban surukinta ta ce, "Ɗana, ka yafe mini."

Da ruwan fari ya sauka, wata tsohuwa mai suna Miriyam, wadda ta fi kowa tsaki ranar shaidar, ta shigo gidan da ƙaramin kwano a kai. Ta dire shi gaban Hulda. Irin citta ne, ɗan kaɗan, duk ya fara tsiro.

"Yarinyan nan, kin yi wauta babba," ta ce. "Amma na tsufa a cocin nan ban ga wanda ya tashi ya tona kansa don wani ba. Karɓi. Kar ki gode mini, ki je ki shuka."

Layi uku kawai ya cika, a gonar da a da sai an yi gayya kafin a gama ta. A sauran filin suka zuba masara. Hulda ta durƙusa tana rufe layukan da ganye, Azariya na miƙo mata, ta dubi faɗin filin ta sake fashewa da kuka.

"Diya, sai yaushe zai koma yadda yake?"

"Zai daɗe," ya ce, bai ɓoye mata ba. "Amma kina nan, ina nan. Miƙo hannu, ga wani ganyen."

'Yan'uwana matasa, ku ji ni da kyau. Masu talla kaya suke sayarwa, kuma sun san ba abin da ke buɗe aljihun mutum a lokacin biki kamar tsoron a raina shi. Masu kallonku za su kalla na yini ɗaya su wuce, yabonsu da zaginsu duk ba sa kwana. Wanda zai ɗauki buhu a kai don ya rufa muku asiri, shi ne bai kamata ku sa shi kuka ba. Hulda ta gane haka, ta kuma samu mijinta, amma sai da gonar uban mijinta ta koma layi uku.