Rabin Yinin Fazal Karim

Ranar da Fazal Karim ya fara ganin Khurshid, taɓo ne har gwiwarsa. Jirgin ƙasan Lahore ya sauke shi a garinmu da ƙarfe sha ɗaya, cikin daminar 1931, da takardar ɗaukarsa aikin akawu a aljihu da fararen kaya sababbi fil. Daga tasha zuwa ofishin gunduma tafiyar minti ashirin ce. Da ya miƙe hanyarsa, da shi ke nan.

To amma a kwanar masu hatsi sai ya tarar da keken doki ya kafe, mai keken yana ta zagin dokin, wata budurwa kuma na zaune a baya ta rungume tarin littattafan ɗalibai. Ƙarti sun kai goma a bakin rumfa, kowa yana ba da shawara, ba wanda ya motsa.

Fazal ya tuɓe takalmi ya shiga. Yana cikin turi aka buga igwar barikin soja, wadda ake bugawa kullum da sha biyun rana. Doki ya zabura, keke ya fita, shi kuwa ya kife rub da ciki.

"Sannu, bawan Allah," in ji ta daga bayan mayafi, tana danne dariya. "Mun ɓata maka kaya."

"Ba komai. Dama farinsu ya yi yawa."

Dariyar ta kuɓuce mata. Ya tsaya yana bin keken da kallo har ya sha kwana, sannan ya tuna da aikin da ya kawo shi.

Ina zaune a teburina ya shigo ofis yana ɗigar da taɓo. Babban akawu ya dube shi, ya dubi agogo, ya rubuta a littafin aikinsa: ya kama aiki bayan tsakar rana. A ranar kuma wani sabo, Manzur Ilahi, ya sa hannu da ƙarfe goma, aka rubuta masa kafin tsakar rana. A dokar Turawa, wanda ya sa hannu bayan igwa sai gobe aikinsa yake farawa. Wato Manzur ya zama gaba da Fazal daga nan har fansho. Shekara talatin na yi ina aiki da wannan doka, kuma har gobe in na tuna ta raina ɓaci yake yi.

Fazal bai damu ba. Yayarsa Sardaran, da ake ce wa Apa, wato yaya, wadda mijinta ya rasu, ta biyo shi don ta riƙe masa gida, ta kuma sami koyar da ɗinki a makarantar 'yan mata. Ashe a can Khurshid, budurwar keken nan, take koyar da lissafi. Ba a yi wata uku ba kwandon ɗinkin Apa Sardaran ya fara ɗaukar abin da ba zare ba.

"Makararre," in ji takardar farko, "Apa ta ce taɓon bai fita daga rigar ba. A jiƙa ta da ruwan lemun tsami. Ban da shiga harkar dawakin mutane."

Ya mayar mata: "Malamata, rigar ta fita. Ni ne ban fita ba. Kullum aka buga igwa sai alƙalami ya tsaya a hannuna, har babban akawu yana tambaya ko ina da ciwon kunne."

Haka suka yi shekara uku, yana kiranta Malamata tana kiransa Makararre. Rannan Apa Sardaran ta ɗauki faranti shaƙe da jalebi, soyayyen kayan zaƙi, ta nufi gidan uban yarinya.

Uban nan, Babu Karam Din, tsohon babban akawun ofishinmu ne (Babu laƙabin akawu ne a wajenmu). A hannunsa na koyi aiki, saboda haka ina da ikon faɗa: mutum ne wanda ko gishiri matarsa za ta saya, sai ya tambayi na jiya ina ya tafi. Bai tambayi asalin Fazal ba, bai tambayi sallarsa ba.

"Nawa yake ɗauka?"

"Talatin da takwas, Babu-ji," in ji Apa Sardaran. "Kuma duk shekara ana ƙara masa rupi ɗaya."

"Na san ana ƙarawa, ni nake rubuta ƙarin. Ina ƙaramin akawu na auri uwar yarinyar nan, na san yadda ashirin ga wata take a irin wannan gida. In ya hau matakin rupi sittin ki dawo. A kai jalebin ciki."

Ya riƙe jalebin, ya hana 'yar. A lokacin kuma uwar Manzur Ilahi ta fara zarya a gidan da nata farantin.

Cikin hunturu wani tsoho ya yi ritaya, kujera ɗaya ta matakin sittin ta buɗe. Duk ofis an san Fazal ne yake rubuta wasiƙun da Manzur yake kai wa Baturen ofis ya sa hannu. Manzur ba mugu ba ne, sai dai in ya haɗa jumla ɗaya ta Turanci sai ya sha ruwa ya huta. Amma ba a duba wannan. Aka buɗe littafi, aka ga kafin tsakar rana da bayan tsakar rana, aka ba Manzur. Ya rarraba mana alewa, ya zaɓi babba ya miƙa wa Fazal.

"Ka rubuta koke," na ce da Fazal. "Ko don kada baƙin ciki ya kashe ni."

Ya rubuta. Koke kuwa ba ya zuwa ga Bature sai ta hannun na sama da kai, na sama da Fazal yanzu Manzur ne. Kwana arba'in takardar ta yi tana tafiya daga teburin Manzur zuwa ɗakin da ke bayansa. Da ta dawo, Bature ya yi rubutu a gefe da jan alƙalami: a faɗi dalilin makara, a kawo shaidar wanda abin ya faru a gabansa, da suna da sa hannu, sai a duba.

Na yi murna. Fazal kuwa ya zauna ya yi tagumi.

"Mai keken ya koma ƙauyensu, ba wanda ya san inda yake," ya ce mini a hankali. "Mutanen rumfa ba za su tuna ba. Saura mutum ɗaya."

Sai a lokacin na gane. Fayil a ofishinmu hannu sha ɗaya yake bi. Masinjoji suna ji, mai shayin bakin ƙofa yana ji, kafin la'asar kasuwa ta ɗauka. Sunan budurwa, 'yar Babu Karam Din, a takardar gwamnati, tana shaidar cewa baƙon saurayi ya tsaya dominta a titi, ga kuma wasiƙun shekara uku da ba za a rasa mai tono su ba. Makarantar ma ba lalle ta ci gaba da riƙe ta ba.

Washegari ya janye kokensa, bai ba da dalili ba.

Babu Karam Din ya ji labari a ranar da ya zo karɓar fansho, ya kai gida da zafinsa. "Ga jarumin naki," ya ce da Khurshid. "Bature ya buɗe masa ƙofa, ya juya da baya. Bayan ƙaramar salla zan ba uwar Manzur amsa."

Takardar da ta zo a kwando ranar ba ta da Makararre a samanta.

"Fazal Karim, shekara uku ina jan Abba-ji da dabara, yau ciwon kai gobe jarrabawar ɗalibai. Kai takarda ɗaya ta gagare ka. In ka gaji da ni ka faɗa, na iya lissafi, zan gane."

Amsar da wannan bawan Allah ya bayar kuwa, har yau takaicinta nake ji: "Malamata, ban gaji ba. Akwai dalili. Ki yi haƙuri."

Dalili! Apa Sardaran ce ta kasa jurewa. Ta tare Khurshid a ɗakin ɗinki ta zayyana mata komai, har da jan alƙalamin Bature. Khurshid ta yi kuka, ta share ido, ta ce ƙanenki wawa ne, Apa. Apa ta ce ai tun yana goye.

Da hantsin ranar Lahadi, Babu Karam Din yana zaune a tsakar gida da lofensa, Khurshid ta ajiye takarda a gabansa. An naɗe gefenta kamar yadda ake yi a ofis, ga kwanan wata, ga sa hannu. A ciki ta rubuta duk abin da ya faru a kwanar masu hatsi, da cikakken sunanta da na ubanta.

"Mene ne wannan?"

"Shaidar da Bature ya nema, Abba-ji. Ni ce dalilin makarar. Kai ka koya mini takarda ba ta tsallake na sama, shi ya sa na kawo maka. Ka sa hannu a miƙa."

Ya karanta sau biyu.

"Kin san hannu nawa wannan za ta bi?"

"Sha ɗaya."

"Shi yaron ne ya sa ki?"

"Bai ma san na sani ba. Don kada ta bi hannun nan ya janye."

Tsoho ya ninke takardar, ya tura ta cikin garwashin lofe, ya ce a kira masa ƙaramin akawun nan.

Ni na raka Fazal. Babu Karam Din bai ce mu zauna ba.

"Na lissafa abin da ka zubar," ya ce. "Ashirin da biyu duk wata, ga ƙarin shekara, ga fansho. Kujera ta gaba ba za ta buɗe ba sai bayan shekara goma, na san shekarun kowa a ofishin nan. Ka san kai wawa ne?"

"An faɗa mini, Babu-ji."

"Ni da nake ubanta, ban tabbata zan iya abin da ka yi ba." Ya kau da kai ya yi ta gyaran murya. "Ka turo manyanka ranar Juma'a. Kuma a sake jalebi, na wancan karon mai ya yi masa yawa."

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Manzur Ilahi ya zo, ya ci shinkafa faranti biyu, ya rungume ango, ya raɗa masa cewa akwai wasiƙu uku suna jiransa ranar Litinin. Da za a fita da amarya, Babu Karam Din ya ɗora hannu a kanta ya ce Allah ya yi albarka, ya buɗe baki zai ƙara, kuka ya ci ƙarfinsa, sai da aka riƙe shi.

Lissafin tsohon bai yi kuskure ba. Shekara sha ɗaya Fazal ya yi yana rubuta wa Manzur wasiƙu kafin ya ga matakin sittin. A ɗaki biyu suka yi zamansu, Khurshid tana juya tsohuwar riga ta mayar sabuwa. Wata rana na je gaishe su, tana murza roti, gurasarmu, na ji ta tambaye shi ko ya taɓa yin da-na-sani.

"Duk ƙarshen wata," ya ce, "na minti biyar, a gaban mai biyan albashi. Daga nan sai in taho gida."

Ta jefe shi da ɗan curin ƙullu, idonta cike da hawaye. Allah ya ba su 'ya'ya biyar da zaman lafiya. Allah ya jiƙan Babu Karam Din, wanda har ya bar duniya bai daina yi wa surukinsa gori a kan albashi ba, bai kuma taɓa yarda wani ya yi masa a gabansa ba.